Abin da Ya Ci Sojojin Dalma

Ciwon daga ƙafafu ya fara. Ɗan sojan ƙarfe da tsawonsa bai kai santimita 3 ba, wanda ya shekara kusan 40 da fentinsa lafiya lau, sai aka wayi gari wata farar hoda ta taru masa a idon sawu. A goge, bayan 'yan watanni ta dawo, har ta fi ta da yawa. Fentin wandonsa ya kumbura, ya tsage, hodar ta ɓullo ta tsagar. Wani mai mashi da aka ɗaga don a duba shi sai ya gutsure daga ƙwauri, ya bar takalmansa manne da faifan da yake tsaye a kai.

Mai sojojin wani dattijo ne a kulob ɗinmu na masu wasan yaƙin tebur a Notingham, a tsakiyar Ingila. Ya zo da 'yan kaɗan naɗe cikin tishu, ya baje su ƙarƙashin fitila, ya ce duk wanda ya san abin da ke cin rundunarsa ya taimaka masa. Da hannunsa ya yi wa kowane ɗaya fenti, wasu tun yana saurayi. Zauren ya yi tsit, don kowa a wurin ya san yawan dararen da mutum ke kashewa kafin ya kammala runduna guda.

Wasan nan a kan faffaɗan tebur ake yin sa, wanda aka mayar fagen fama da tuddai da bishiyoyi na roba. Kowa ya jera mayaƙansa, a auna tafiyarsu da tef, a jefa ƙwayoyi irin na ludo don a san wanda ya sari wani. Marubucin nan H. G. Wells ya buga dokokin irin wannan wasa tun 1913 a littafinsa Little Wars. An kafa kamfanin Games Workshop a Landan a 1975, aka buɗe Citadel Miniatures mai zuba sojojin a 1979, wasan Warhammer ya fito a 1983, yau kuma hedkwatar kamfanin tana nan Notingham, kewaye da ƙananan kamfanoni da tsofaffin ma'aikatansa suka kafa. Sojojin tsirara ake sayar da su, launin ƙarfe ko na roba. Mai saye shi zai kankare, ya wanke, ya manna, ya yi fenti. Da yawa daga cikinmu fentin ya fi wasan ɗaukar mana hankali, ni ma kuwa ina cikinsu.

Abin da aka fara zargi shi ne fumfuna, tunda Ingila ƙasar laima ce. Gilashin ƙara girma ya wanke ta nan take. Fumfuna zare-zare gare ta, kuma abin da za ta ci take bi, irin su gam da ƙura da garin katakon da ake rinawa kore a yi ciyawa da shi. Wannan hodar kuwa tsaki-tsaki ce, ga nauyi, in an kankare ta sai a tarar ƙarfen da ke ƙarƙashi ya yi ramuka.

Sai wani ya ce banish ne. Duk mai fenti ya san wannan masifar: ka gama aikinka tsaf, ka fesa banish ranar da iska ke da laima ko sanyi, ya bushe da hazo, sojan ya fito fari fat. Amma hazon banish a sama yake kwanciya, a kan kafaɗu da hula da duk inda ya fuskanci feshi, kuma sau da yawa shafa banish mai sheƙi a kansa kan mayar da launin. Na dattijon daga ƙarƙashin fenti yake tasowa. Ban da haka, waɗanda suka fi lalacewa ma banish bai taɓa hawa kansu ba.

Zargi na uku ya fi ɗaukar lokaci, domin wanda ya kawo shi mutum ne mai karatu. Ya ce kuza tana da ciwonta na sanyi: ƙasa da digiri 13 a ma'aunin Salshiyos takan iya sauya ƙira a hankali, ta tashi daga ƙarfe mai sheƙi ta koma gari mai launin toka. Ɗakin da dattijon ke ajiye sojojin ba a kunna masa na'urar ɗumama gida, sojojin kuma akwai kuza a haɗinsu. Maganar ta hau, sai dai abu biyu suka kayar da ita. Wannan ciwon sai kuza ta kusa zama zalla, sanyi kuma ya tsananta ƙwarai, kafin ya yi wani tasiri, kuma dalma da antimoni da ake haɗawa a ƙarfen zubi hana shi suke yi. Na biyun ya fi muhimmanci. Da dattijon ya tuna waɗanda suka kamu da waɗanda ba su kamu ba, sai ya ga sojojin da suka fi kowa yawan kuza su ne ko tabo babu a jikinsu.

Wannan ne ya sa muka daina kallon hodar muka koma kallon waɗanda take zaɓa. Ranar Asabar na je gidansa, muka fito da rundunar duka muka baje a teburin cin abinci, muka kasa su bisa shekarun da ya saye su. Na roba lafiyarsu ƙalau. Na ƙarfe da ya saya daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa yau, su ma ƙalau. Dalilin a fili yake. A 1993 hukumomin jihar Niyok ta Amurka suka taso da batun hana dalma a irin waɗannan kayan, kamfanoni da dama suka sauya ƙarfe, har Ral Partha ya fito da wani haɗi marar dalma da ya raɗa wa suna Ralidium. Citadel ma ya koma haɗi marar dalma a 1997. Duk wanda ya kamu a teburin nan, to, tsohon zubi ne mai dalma. A cikin tsofaffin ma akwai bambanci. Waɗanda suka fi jin jiki na wani ƙaramin mai zubi ne da dattijon ya saya a wani baje koli tun farkon shekarun 1980, wanda ya daɗe da barin sana'ar. In ka ɗauki ɗaya za ka ji ya fi girmansa nauyi, takobinsa na lanƙwashewa da ɗan yatsa, in ka goga ƙasansa a takarda sai ya bar zane. Dalma ce kusan zalla, kuza kaɗan aka sa mata, don a lokacin dalma ta fi araha nesa.

Dalma ke nan ake ci. Saura a san mai cin ta.

Dattijon yana da amsarsa, kuma ba amsar banza ba ce. Ya hau saman silin ya sauko da wata buɗaɗɗiyar roba cike da ragowar sojojin wancan mai zubin, waɗanda bai taɓa samun sukunin yi musu fenti ba. Zubi ɗaya, rana ɗaya ya saye su. Sun dushe, sun yi launin toka mai duhu irin na tsohuwar dalma, amma ko ɗigon hoda babu. Ya ce to ga shi nan: waɗanda ba a taɓa ba lafiyarsu lau, waɗanda aka yi wa fenti su ne ke ruɓewa, saboda haka fenti ne gubar. Ya ƙara da cewa abin yana yaɗuwa, domin ya taɓa ware masu ciwon a ɓangare guda na kabad, bayan wani lokaci ya ga na ɗaya ɓangaren sun kamu. Wannan zancen ya riga ya zaga kulob, har wasu sun daina yarda sojojinsu su hau tebur ɗaya da nasa. Abin ya dame ni, don mutum ne da ya koya wa rabin mutanen zauren yadda ake riƙe buroshi.

Hujjar tasa ta tsaya da ƙafafunta har zuwa lokacin da muka jera ƙungiyoyi biyu na masu mashi kusa da juna. Su ma zubi ɗaya ne, saye ɗaya. Ta farko ya yi mata fenti yana ɗan shekara ashirin da wani abu, cikin ɗoki, daga leda sai buroshi, kai tsaye a kan ƙarfe, ba wanki, ba firaima, ba banish. Ta biyu shekaru bayan haka ya wanke mata tsohon fentin ya sake ta bisa ƙa'ida. Idan fenti ne gubar, ta biyu ya kamata ta fi lalacewa, domin fentin da ke kanta ya ninka na ta farko. Akasin haka muka gani. Ta farko ta kamu tun daga kai har ƙafa. Ta biyu fuskokinta da rigunanta da garkuwoyinta kamar jiya aka gama su, sai dai a tsinin mashi da gwiwar hannu inda fenti ya ɗan goge saboda yawan ɗauka, sai kuma ƙafafu.

Abin da ya raba ƙungiyoyin nan biyu aikin da ido ba ya gani ne, kuma shi ne aikin da sabon shiga ya fi ƙi. Sojan ƙarfe a cikin mazubin roba ake zuba shi, mazubin yana juyawa da ƙarfi don narkakken ƙarfen ya shiga kowane lungu, kuma akan barbaɗa wa mazubin hoda don zubin ya tafi daidai. Wannan hodar da maiƙon hannun duk wanda ya taɓa shi suna nan a jikinsa lokacin da ya iso gare ka. Sai ka kankare layin da bakin mazubin ya bari da 'yar wuƙa, ka wanke shi da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke da tsohon buroshin haƙori, ka bar shi ya bushe sarai. Daga nan sai firaima, wato fentin shimfiɗa wanda aka yi shi don ya kama ƙarfe, shi kuma fentin launi ya kama shi. Fentin akirilik da yawancinmu ke amfani da shi, wanda da ruwa ake tsinka shi, ba ya riƙe ƙarfe mai santsi. Yana kwanciya ne kawai, farce ya taɓa ya ɗaye. In da gwangwanin feshi za ka yi, sai ka girgiza shi sosai, ka tsaya nesa da sojan kimanin santimita 20 zuwa 30, ka riƙa wucewa da feshin a gurguje. Ka matso da yawa, fentin ya cike idanu da zoben sulke ya shafe aikin mai sassaƙa. Ka ja da baya da yawa, ko ka fesa cikin zafi, ɗigon ya bushe a iska kafin ya iso, jikin sojan ya fito da kaushi. Baƙin firaima yana ɓoye lungunan da buroshi bai kai ba, fari yana sa ja da rawaya su haska, toka-toka kuma tsaka-tsaki ne. A kan wannan ake ɗora launi a tsinke, shafi bayan shafi, sai ruwan fenti mai duhu da ke gangarawa cikin ramuka ya fito da inuwa, sai haske a kan tudu, sai banish ya rufe. Mu dai don kyau da riƙo muke yin duk wannan. A teburin dattijon ne na ga cewa shimfiɗar nan sulke ce ga ƙarfen.

Sulke kuwa abin da ke zuwa daga waje yake tarewa. Ashe ke nan maharin ba a cikin fentin yake ba.

Abin da ya tabbatar da haka wani doki ne. Muna mayar da kaya sai hannuna ya taɓa shi a can ƙurya, a bayan katakon tsakiya na kabad ɗin. Doki ne ba mahayi, daga wancan zubin, wanda dattijon ya ajiye da niyyar yi masa fenti ya manta. Buroshi bai taɓa hawa kansa ba. Ya fi kowa lalacewa a gidan. Hodar ta lulluɓe shi har ba a gane sirdi, wutsiyarsa ta faɗi, ƙafa ɗaya ta zama gari. 'Yan uwansa tsirara da ke saman silin lafiyarsu ƙalau, shi tsirara a cikin kabad ya ƙare. Abu ɗaya ne ya bambanta su, wato wurin kwana.

Na tambayi dattijon tarihin kabad ɗin. Ya ce shekara da shekaru sojojin a kan buɗaɗɗiyar kanta suke, suna shan ƙura, yana bin su da buroshi mai laushi. Da surukarsa ta rasu sai matarsa ta gaji wannan kabad mai ƙofofin gilashi, ta ba shi. Ya kira kafinta ya ƙara masa sababbin katakai a ciki don sahu ya ƙaru, ya kuma sa aka liƙa roba a bakin ƙofofin don kada ƙura ta sami hanya. Bayan shekara biyu ko uku ya fara ganin hodar.

Kabad dai katako ne da gilashi. Ta yaya katako zai ci ƙarfe, har wanda bai taɓa shi ba? A nan tunaninmu ya tsaya, har zuwa lokacin da ɗiyar yayata, wadda ke karatun ilmin sinadarai a jami'a, ta zo mana hutu. Na ba ta labari, ta ce tana son gani da idonta. Muka je, ta gaida dattijon da matarsa, ya buɗe mata ƙofar kabad ɗin. Ba ta ko kalli sojojin ba. Ta sa kai ciki, ta ja da baya.

"Kawu, me kuka zuba a nan? Warin ruwan kal nake ji."

Na ce, "Ba abin da aka zuba, ɗiyata. Ƙamshin sabon katako ne."

Ta ce, "To ai shi ne, Kawu. Tambaye shi wane irin katako ne."

Itacen ok ne, wanda Ingilawa ke alfahari da shi, wanda da shi suka gina jiragen ruwansu na da. Kabad ɗin da sababbin katakan duk na ok ne. Ta bayyana mana cewa kusan kowane katako yana fitar da tururin asid kaɗan-kaɗan, irin asid ɗin da ke sa ruwan kal tsami, amma ok yana cikin waɗanda suka fi kowa, sabonsa ya fi tsohonsa, kuma ɗumi da laima na ƙara shi. A buɗaɗɗen ɗaki iska ke kwashe shi. A cikin kabad da aka toshe bakinsa da roba kuwa ba shi da wurin zuwa. Da ɗan gari akan ci gari.

Sauran bayanin shi ya warware mini abin da ya fi ɗaure mini kai, wato yadda tururin da hanci da ƙyar yake ji zai cinye doki sukutum. Tururin yana sauka a kan dalma tare da ɗan damshin da ke cikin iska, ya narkar da siririyar fatar da ke kare ta, ya zama wani gishirin dalma. Sai iskar kabon, wadda muke fitarwa in mun yi numfashi, ta haɗu da wannan gishirin ta mayar da shi farar hoda. A wannan matakin asid ɗin yana kuɓuta, ya koma kan ƙarfen da ke ƙasa ya sake sabon zagaye. Ba ya ƙarewa a cikin aikin, shi ya sa kaɗan ya isa, kuma shi ya sa gogewa ba ta magani. Hodar ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri, don haka take tura fenti daga ciki, kamar yadda laima ke tayar da fentin bango da damina. Maganar yaɗuwa kuwa, soja ba ya shafa wa soja komai. Waɗanda dattijon ya ware da waɗanda ya bari iska ɗaya suke shaƙa, lokacin kamuwarsu ne kawai ya bambanta gwargwadon ƙarfen kowa da kaurin fentinsa.

Da na bi diddigi daga baya sai na tarar abin da ya faru a kabad ɗin nan sana'a ce da aka yi ɗaruruwan shekaru ana yi da gangan. Farin fentin da masu zanen Turai suka dogara da shi kafin zuwan na zamani, da haka ake yin sa. A Holan da Ingila akan naɗe fallayen dalma a sa cikin tukwanen ƙasa masu ɗan ruwan kal a ƙasa, a jera tukwanen a binne cikin kashin doki ko ɓawon itacen da majema suka gama aiki da shi. Ruɓewar ta ba da ɗumi da iskar kabon, bayan wata uku ko makamancin haka a buɗe a kankare farar hoda. Ita ce dai hodar da ke idon sawun sojojin dattijon. Masu kula da kayan tarihi ma sun daɗe da sanin wannan ɓarnar. A Turai an ga bututun dalma na tsofaffin kayan kiɗan coci suna hujewa daga ƙasa, ciki har da na wani coci a birnin Lubek na Jamus. Binciken da aka yi ya nuna tururin asid ne daga akwatunan iskar da aka yi da katakon ok, musamman inda aka sa sabon katako wajen gyara, kuma bututun da ba su da kuza sosai su suka fi ciwuwa. Ƙafa da ƙafa labarin ya bi namu.

Duk da haka dattijon ya ce shi sai ya gani. Na ji daɗin wannan taurin kan nasa, domin bayani mai daɗin ji ba hujja ba ne. Ɗiyar yayata ta ce akwai gwajin da gidajen tarihi ke yi wa duk katako ko yadi ko gam kafin su kusantar da shi ga kayansu. Andrew Oddy na Gidan Tarihin Birtaniya da ke Landan ne ya fito da shi a 1973: a rufe abin da ake zargi cikin kwalba tare da ɗan ruwa da guntayen azurfa da jan ƙarfe da dalma, a ajiye a zafin digiri 60 har kwana 28, sannan a duba wane ƙarfe ne ya sauya. Mu ba mu da irin wannan murhun, sai muka yi na gida. Kwalabe uku masu murfi, kowace da guntun dalmar rufin gida da aka kankare har ta yi sheƙi, da murfin kwalba cike da ruwa. A ta farko muka sa ɓarɓashin katakon kabad ɗin. A ta biyu muka sa busasshen farin gam na kafintoci, wanda da shi ake manna yashi a faifan sojoji, don ta ce shi ma yakan saki irin wannan asid ɗin idan ya tsufa. Ta uku ba mu sa komai ba. Aka ajiye su kusa da tukunyar ruwan zafi ta gidan. Bayan wasu makonni dattijon ya zo kulob da kwalaben. Dalmar da ke kwalba ta uku ta ɗan dushe kawai. Ta gam ta fi ta dushewa. Ta katako ta yi fari a gefunanta da duk inda wuƙa ta bi. Ya zaga da kwalbar tebur-tebur, har wurin waɗanda suka guji sojojinsa.

Tambaya ɗaya ta rage, wadda ƙungiya ta biyu ta masu mashi ta bar mana. An wanke su, an yi musu firaima da banish, me ya sa ƙafafunsu suka kamu? Amsar tana cikin yadda kusan kowa ke feshi. Akan manna sojoji a jere a kan sanda, a fesa daga gaba, daga baya, daga sama. Muka ɓamɓare ɗaya daga faifansa muka kifa shi ƙarƙashin gilashin ƙara girma. Ƙasan ɗan tudun ƙarfen da yake tsaye a kai tsirara yake. Tsakanin ƙafafu da ƙarƙashin alkyabba ma firaima bai shiga ba, fentin launi ne kawai ya ɗan leƙa. A kan wannan wurin ne aka tula farin gam da yashi har idon sawu, aka kuma ɗora shi kai tsaye a kan katakon ok. Wurin da ya fi rashin kariya shi ne ya fi kusa da tushen tururin guda biyu. Daga nan ciwon ya shiga ya riƙa hawa ta ƙarƙashin fenti.

Gyaran ya ɗauki hunturu guda, kuma abu na farko da na nace a kai shi ne kada a kankare hodar a bushe. Guba ce, kuma ta fi dalmar da ke dunƙule saurin shiga jiki. Wanda ya tuna abin da ƙurar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara aƙalla 400 suka rasu saboda niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje, ba zai yi wasa da ita ba ko da cikin cokali ce, balle dattijon jikokinsa na zuwa gidan. Da safar hannu aka yi aikin, a jiƙe, nesa da kicin. An jiƙa sojojin a Dettol, wanda masu wannan sha'awa a Ingila suka daɗe suna cire fentin akirilik da shi, aka goge su da buroshi a cikin ruwa har ƙarfe ya fito, aka ɗauraye, aka busar sarai. Wani ya kawo tsohuwar shawarar nan ta tsoma sojan ƙarfe a ruwan kal don firaima ya fi kamawa, aka ce masa ya bar ta. Firaima na shafawa da buroshi aka fara sa wa ƙasan tudun da tsakanin ƙafafu, sojan yana kife, kafin a miƙar da shi a fesa sauran jikin. Yanzu suna kan kantar ƙarfe da gilashi wadda iska ke ratsawa, kabad ɗin kuma an cire masa robar ƙofa an ba sojojin roba.

Inda muka saɓa da dattijon shi ne kan ƙungiya ta farko. Ni a ganina a wanke su duka a sake, don hodar da ke ƙarƙashin fenti tana riƙe da asid ɗinta ko an sauya musu wuri. Shi kuwa ya ce akwai goma sha biyu da ba zai taɓa ba, su ne farkon abin da ya yi wa fenti a rayuwarsa, idanunsu a karkace, jan rigarsu ya zarce layi, kuma a haka yake son su. Ya ware su a kanta ta daban yana duba su lokaci-lokaci. Waɗanda ciwon ya ci musu ƙwauri har suka karye, sai da aka huda ƙafar da siririn abin huji na hannu, aka zura waya ta farin ƙarfe daga dunduniya zuwa gwiwa, aka cike ramukan da ƙullun gyara mai taurarewa, sannan aka sake sassaƙa takalman. Dokin kam bai gyaru ba, an naɗe shi cikin leda biyu an kai wurin da hukuma ke karɓar shara mai guba.